Laraba a Ɗakin Haɗa Sauti

Mai haɗa sauti ya shekara bakwai yana ƙorafin kwamfutarsa, wai kafin ta fitar da waƙa ɗaya sai ta ci rabin awa. Ƙanwarsa mai gyaran kwamfuta ta gaji, ta haɗa masa sabuwa.

"Yaya, ƙwaƙwalwar wannan minti biyu ta gama. Sai ka nemi wani abin mitar."

Ya yi murna, amma ranar Laraba tsohuwar ya jona. Ranar ce babansu ke zuwa a ɗauki busar sarewarsa. Baba ba mazauni ba ne, jiran nan kaɗai ke sa shi hira da ɗansa.

Ƙanwar ta leƙo.

"Sabuwar fa?"

"Tana hutawa."

Ta dube shi, ta jawo kujera kusa da Baba.