Alkakin Bahaguwa

Shekarun baya, ina 'yar budurwa a Gangara, babu inda nike so a duniya kamar madafa, babu kuma inda anka fi korata kamar madafa. Dalilin guda ne, ni bahaguwa ce.

Mahaifiyata gwanar girki ce. In ta kaɗa miyar kuka, sai maƙwabta sun ƙirƙiro uzurin leƙowa. Ni kuwa da na ɗauki muciya da hagu, sai in ji ludayi a bayan hannu. "Aje! Wa kinka ga ya ci tuwon hagu?" In na koma dama, tuwo ya fito da gudaji kamar an watsa tsakuwa. Sai anka yanke mini aikina, ɗiban ruwa da wanke-wanke da daka, tunda taɓarya ba ta san hagu da dama ba. Abin da ke ci mini rai shi ne duk 'yan'uwana mata ana cin abincinsu, ni kaɗai babu mahaluƙin da ya taɓa kai abin da na dafa bakinsa. A bayan rumbu nike kafa murhuna da gwangwani. Kaji ne baƙina, su ma sai sun ga dama.

Ana nan bikin yayata ya taso, za a kai ta Isa. Kun san gara. In babu alkaki a ciki, dangin ango ba su daina zancen har amarya ta yi jikoki. Da ƙyar mahaifina ya samo 'yar alkama. Goggona, yayarsa, ta zo daga Sabon Birni, don ita ce mai hannun alkaki a danginmu. Duk bikin da ta zo, ina tsugune ina kallon yatsunta, in ta tafi in kwaikwaya da laka. Ta ɓarza alkamar, ta murza da mai, ta kwaɓa da nono, ta rufe ya kwana. Da safe ta kai hannu cikin itace za ta hura wuta, kunama ta harbe ta. Zogi har kafaɗa.

Shi kuwa kwaɓin alkaki ba ya jiran kowa. In ya wuce lokacinsa tsami ya kashe shi, ga shi babu wata alkamar. Mata sunka zauna naɗi. Wadda duk ta naɗa, ana jefawa a mai ya warware. Goggo na riƙe da hannu tana ruwan faɗa: "Wanga alkaki na ko igiyar akuya?"

Na tsinci ɗan kwaɓin da ya faɗo kan tabarma, na mulmula, na naɗe, don kawai hannuna ya ƙi zama. Ashe idonta na kaina.

"Ke, mi ke hannunki? Jefa shi a mai in gani."

Na jefa. Ya taso, ya yi ja, bai warware ba.

Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ki ruhwa min asiri. Bahaguwa ta hwa! Abin da za a kai gidan surukai?"

Goggo ta ce, "To ke mai dama, ga naki can ya zama taliya. Kin taɓa ganin wadda ta naɗa alkaki da hannu guda? Matsa ki ba ta wuri."

Haka na zauna har la'asar ina naɗi, ana soyawa, ana tsomawa a ruwan sukari da tsamiya, har kwalla ta cika. Abin da ban lura da shi ba, naɗina duk ya juya baya, ba yadda na kowa ke kwantawa ba.

Uwar amarya ba ta zuwa kai gara, saboda haka a gida mahaifiyata ta wuni, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Da goggo ta dawo ta ba mu labari. Wai ana buɗe kwalla, kakar ango ta ɗauki guda, ta juya shi, ta ce, "Wanga naɗin hagu na. Wace bahaguwa ta yi shi?" Goggo ta ce, "Ɗiyata ta. In ba ku ci, a maido muna kwallarmu." Tsohuwa ta gutsura, ta tauna, ta sake gutsura. Sai ta jawo kwallar da ƙafa ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce a raba sauran kaya, wannan ba na rabo ba ne.

Washegari da marece mahaifiyata ta miƙo mini muciya, fuskarta na kallon katanga. "Tuƙa. Amma kada babanki ya gani." Baba ya ci, ya suɗe, ya aiko a ƙaro.

Tun daga ranar ban fita madafa ba. Na koyi gurasa, na koyi dubulan, na koyi gasa kek a tukunya, yashi a ƙasa garwashi bisa murfi, tun kafin in taɓa ganin obin. Ci dai da dama nike ci, kamar yadda addini ya koyar. Tuƙi kuwa, da hannun da Allah Ya sa wa basira. Ko da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, malama ta so mayar mini da fensir dama, na ce, "Malama, bar shi nan. Wanga hannu an daɗe ana faɗa da shi, ba a ci nasara ba." Shi ya sa in na ga yarinya na zagaya murhu, ba ni korarta. Za ni ba ta gari ta ɓata, gobe ta gyara.

A gidana mahaifiyata ta ƙare tsufanta, Allah Ya jiƙanta. Wata rana ina zazzaɓi, ɗiyata ta yi tuwo ta kai mata. Ta kai loma guda, ta ture kwanon.

"Wanga tuwon dama na. A taso min da bahaguwar."

Na tashi ina dariya, zazzaɓi da komi, na ɗora tukunya.