Tambayar da ta Karya Muƙamuƙin Ostap

Ostap Hnatiuk malamin lissafi ne a wani ƙauye na Yukiren, har zuwa ranar da aka rufe makarantarsu. A shekarar 2001, yana da shekara arba'in da ɗaya, ya bi motar 'yan ci-rani zuwa Fotugal, ya samu aiki a ramin yankan marmara da ke bayan garin Vila Viçosa. Ko kalma ɗaya ta Fotugis bai zo da ita ba.

Dona Ermelinda, tsohuwar da ke sayar wa ma'aikata miyar wake da burodi, ita ta fara buɗe masa baki. Sai ta ɓoye cokalinsa, ba za ta ba shi ba sai ya ce "Onde?", wato ina. Ta nuna mai wucewa, ya ce "Quem?", wane ne. Da ta ƙara masa "Porquê?", don me, sai ya zama kowa ya gani tambaya yake jefa masa, ko da ba zai gane amsar ba.

Shugaban leburorin ramin, Anselmo, gajere ne mai faɗin ƙirji, hannunsa ya fi bakinsa sauri. A bazarar nan matarsa ta gudu da wani direban tirela. Kowa ya sani, ba mai furtawa. Ostap kaɗai ne bai sani ba.

Wata ranar Agusta, zafi kamar ya narka dutse, Ostap ya je wurin Baltasar, mai tuƙa injin ɗaga kaya, sarkin barkwancin ramin. Da alamar hannu ya nuna yana son sanin yadda ake tambayar lokacin hutun shan ruwa.

"Zo nan, ɗan Rasha, yau ka samu malami," in ji Baltasar, wanda bai bambance Rasha da Yukiren ba, yana ƙifta wa sauran ido.

Ya biya masa jimla guda, Ostap ya yi ta maimaitawa har ta zauna. Sannan ya je gaban Anselmo, ya cire hula, ya faɗe ta cikin ladabi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne: "Maigida, don Allah, matarka na jin daɗin gadon direban?"

Akwai sandar ƙarfe ta banƙarar dutse a hannun Anselmo. Bugun farko ya sauka a muƙamuƙi, aka ji ƙas! Ostap ya zube kan tsakuwa, haƙora uku suka biyo jini. Anselmo ya bi shi da ƙafa, ciki da haƙarƙari, yana kuka yana zagi: "Har kai? Har kai, ɗan banza?" Sai da mutum huɗu suka taru suka danne Anselmo.

Mako shida Ostap ya yi da wayar ƙarfe da likita ya ɗaure masa muƙamuƙi da ita, romo kawai yake zuƙa. Dona Ermelinda ce ke kai masa. Ita ce kuma, da zane a bayan takarda, ta fahimtar da shi abin da ya faɗa. Ya daɗe yana kallon zanen. A ransa bai ga laifin Anselmo ba.

Ranar da aka kwance wayar, da azahar, ya shiga shagon tsohuwar. Baltasar na zaune yana cin abinci.

"Porquê?" Ostap ya tambaye shi.

"Haba, ɗan Rasha, wasa ne fa! Zauna in saya maka giya."

Ostap ya damƙi gashinsa ya buga fuskarsa da teburi. Farantin ya tarwatse, hancin ya fashe. "Porquê?" Ya sake bugawa. Baltasar ya kai hannu ga wuƙar burodi, Ostap ya murɗe yatsun har biyu suka karye. Yana shirin buga na uku Dona Ermelinda ta sheƙa masa bokitin ruwan wanke-wanke.

"A ɗakina za ka kashe mutum? Sake shi, ɗana! Na ce sake shi!"

Ya sake shi. Shekara goma sha takwas yana koyarwa, ko kunnen ɗalibi bai taɓa ja ba. Ya fita waje ya yi amai a gindin zaitun.

Maganar ba ta kai ga 'yan sanda ba. Ostap ba shi da takardun zama, Baltasar kuwa kunya ta hana shi. Ostap ya koma birnin Setúbal, ya yi ta wankin motocin haya har ya zama direba, daga baya ya ɗauko matarsa Halyna. Fotugis ya zauna a bakinsa sosai, sai dai yana fita a karkace, kuma ɓawon burodi ya gagare shi taunawa har yau.

Sau ɗaya ya sake taka Vila Viçosa, a jana'izar Dona Ermelinda. Masu ɗaukar akwatin gawa ba su cika ba, aka kira shi ya kama gefe ɗaya. Baltasar ne riƙe da ɗaya gefen, ya yi furfura, hancinsa a lanƙwashe. Suka kai ta har bakin kabari, suka ajiye, kowa ya kama gabansa.