'Yar Kulle

Shekaruna saba'in da huɗu, abin da zan faɗa maka kuwa ya yi shekara sittin da uku da aukuwa. Amma har gobe, in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin randa, sai ya dawo mini ɗanye.

A gidanmu na cikin birnin Sakkwato, kakata tana da wata shuka cikin tsohuwar tukunya a ƙarƙashin darbejiya, inda ruwan alwala yake gangarawa. Ganyenta mai faɗi ne irin na gwaza, baƙi wuluk, bayansa ja-ja. Ba a ci, ba a magani da ita, kallo kawai. Yayarta marigayiya ce ta samo ta wurin wata mata a Sabon Gari, kuma ita kaɗai ce abin da ta bar mata. Kowace shekara takan kwanta, ta sake tohowa. Kakata na kiranta 'yar kulle, don ba ta taɓa fita rana ba.

Ni kuwa na shiga makarantar boko, an koya mana cewa tsiro ba ya lafiya sai da hasken rana. Na yanke hukunci cewa baƙin nan ciwo ne. Da kakata ta tafi suna Kalambaina, cikin tsakiyar bazara, na hau da tukunyar bisa soro domin in warkar da ita.

Kwana uku shukar ta yi a bisa soron. Ganyen ya ƙone kamar takarda, saiwar ta dahu.

Kakata ta dawo, ta daɗe tana duban tukunyar. Da yake takan kira ni mijinta cikin wasa, sai ta ce, "Haba maigida! Kai da ya kamata ka tsare mata kulle, kai ka hidda ta rana?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta mayar da tukunyar mazauninta, ta yi ta zuba mata ruwa har damina ta wuce. Ba abin da ya fito.

Yau ina da lambun inuwa a gidana na Sama Road, cike da masu baƙin ganye iri-iri, masu zuwa suna yabawa. Na nemi irin ta kakata ban samu ba, kuma har ta rasu ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Girman kai ya hana.

Ba ni kaɗai na ga abin da ya faru ba. Yayata ce ta riƙe mini tsani ranar da na hau soron, tana nan da ranta, kuma ba ta taɓa yarda ta shiga lambun nan nawa ba.