Baba Mai Kwalabe da Ƙwaron da Bai Ci Sunansa Ba

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Kwalabe yake buɗe ɗakin ajiyar ƙwari na sashen nazarin halittu a jami'a. Sai ya rataye hularsa a ƙusa, ya bi kantoci yana ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Wadda ruwan maganinta ya ja baya ya ƙara mata, wadda rubutunta ya dushe ya sake shi da fensir, don a cewarsa tawada ba ta da amana a cikin ruwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa makulli.

Gwanintarsa a kan ƙwarin rafin nan ce masu wutsiya biyu ko uku kamar zare, waɗanda ke shafe watanni a ƙarƙashin duwatsun ruwa, in suka yi fiffike kuma da wuya su wuce kwana biyu. Shi ke raba su gida-gida: wannan ɗan'uwan wancan ne, wancan kuwa kama ce kawai. Matarsa kan ce ya san dangin ƙwaro har kakanni, amma 'ya'yan ƙanwarsa sai an gabatar masa da su.

Bara Dakta, shugabar sashen, wadda ita sauro ta karanta, ta kamo wasu ƙwarin rafin masu fiffike dishi-dishi kamar an shafa musu toka. Ta duba littattafai ba ta ga irinsu ba, sai ta rubuta takardar gano sabon jinsi, ta ce sunan Baba za ta sa masa. A wannan sana'a, suna in ya hau ƙwaro ya zauna ke nan, har bayan ran mai shi. Baba kuwa sunansa bai taɓa fita a takardar bincike ko ɗaya ba. Ya ji daɗi ƙwarai, har 'yarsa ya kira ya yi mata albishir.

Amma fiffiken nan ya tsaya masa a rai. Ya je rafi ya kamo uku da ransu, ya sa su a akwatin raga da jiƙaƙƙen tsumma. Su waɗannan ƙwari, ko bayan sun yi fiffike suna da sauran saɓa ɗaya. Washegari ukun duk sun saɓe, fiffike garau, sak wanda ke kanta ta huɗu shekara ashirin.

"Ranki ya daɗe, zo ki gani," in ji shi. "Ba baƙo ba ne, ɗan gida ne bai tuɓe riga ba."

Dakta ta daɗe tana duba su a madubin ƙara girma kafin ta ɗago. "Baba, ka san abin da ka yi wa kanka kuwa?"

"Na sani. Amma ranar da wani ya gano, ke za a yi wa dariya, ni kuma sunana yana kan ƙarya."

Da yamma ya sake kiran 'yarsa ya janye albishir.

Kai ne, Baba, aka miƙo wa abin da ka yi shekaru kana so, ka ga ba naka ba ne ka mayar. Na gaban kwalabe, mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu shigowa bayansa, ku je kanta ta huɗu ku duba. Akwai kwalba mai ƙwari uku, an rubuta mata tsohon suna da fensir, da hannunsa.