Filin da Yaya Lawal Ya Shafa wa Fatiha

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal duba-gari. Duk shekara idan watan ya kewayo, abin da na saba shi ne in tara 'ya'yanshi a yi mashi addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabanshi. Bana kam na ce sai na yi magana a jarida, don sunanshi ya shiga bakin mutane ta hanyar da ba na so, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kanshi.

Wanda bai san shi ba, Yaya Lawal ya yi aikin duba-gari har ya yi ritaya, amma aikin bai taɓa sakinshi ba. Mutum ne da zai zo gidanka gaisuwar suna, kafin ya zauna ya leƙa randarka. Matan unguwarmu, nan wajen Ƙofar Kwaya, in suka ji sallamarshi sai ka ji ana jan murafen tukwane ana kora ruwan wanke-wanke. Ni da nake ƙanenshi ban tsira ba. Na sha ce mashi, Yaya, ranar da za ka shiga Aljanna sai ka fara duba magudanar ruwanta. Ba ya dariya, sai dai ya ce in je in share ƙofar gidana tukuna. Duk da wannan hali nashi, shi unguwa ke turawa idan magana ta taso da hukuma, saboda ba a taɓa jin ya karɓi ko goro a kan al'amarin jama'a ba.

A tsakiyar unguwarmu akwai wani fili mai itatuwan bedi. Ba na kowa ba ne, a takarda dai na hukuma ne, amma tun kakanninmu mu ke amfani da shi. Lungunanmu matsattsu ne, zaurukanmu ƙanana, masallacin unguwa kuma ba ya da haraba. Saboda haka duk wanda ya rasu a cikinmu, can ake kai shi a yi mashi salla, can kuma maza ke shimfiɗa tabarmi su karɓi gaisuwa har a yi addu'ar uku. Ba wanda ya taɓa tsara haka. In an ɗauko makara, ƙafafun mutane da kansu ke nufar wurin. Har maƙwabtanmu Kirista, mutanen kudancin Kaduna da suka daɗe tare da mu, can suke kafa rumfa in sun yi rashi, mu je mu zauna da su kafin su wuce da mamacinsu gida.

Gaskiya kuma, filin ya lalace. Gefe guda ya zama juji, da damina ruwa ya kwanta ya yi kore, sauro ya yi ta cin yaranmu. Wannan abu yana ci wa Yaya tuwo a ƙwarya. Ya rubuta ƙara, ya tara matasa an kwashe, bayan wata biyu shara ta dawo kamar ba a taɓa ba.

Ana nan sai ga Kabiru, ɗan wani amininshi da ya riga shi rasuwa, ya dawo daga Abuja da shirin gini. Za a yi shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen haya a sama, a gaba kuma a bar dandali buɗaɗɗe na jama'a. Hukuma ta yarda ta ba shi filin kyauta, ta yafe mashi haraji na wasu shekaru, ta ja mashi ruwa da wuta da kwalta har ƙofa, duk saboda wannan dandalin da aka ce na kowa da kowa ne. Abin da ya rage kawai shi ne mutanen unguwa su ce sun amince.

An yi taron a ƙarƙashin bedin nan bayan la'asar. Kabiru ya zo ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan maganar jana'iza, Yaya ne ya tambaye shi a gaban kowa, shi kuma ya ce ai a filin nan aka yi wa mahaifinshi salla, wane shi ya hana. Ya ce dandalin ma zai fi da tsabta, a yi sahu a kan daɓe maimakon a kan laka. Sai Yaya ya juya ya ce wa jama'a shi ya tsaya wa yaron nan, duk abin da ya biyo baya a tambaye shi. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, aka watse.

Da muka koma gida na ce mashi, Yaya, da an sa maganar nan a takarda. Wallahi kamar na zage shi. Ya ce yaron da aka yanka ragon sunanshi a gabanshi, ya durƙusa ya kira shi Baba a gaban unguwa, shi zai ce wa kawo takarda? Ya ce wace takarda ce ta fi fatiha, kuma mu malaman makaranta komai sai mun ga biro. Na ce to, na ja bakina, don a gidanmu ƙane ba ya mayar wa wa magana sau biyu. Kuma in faɗi gaskiya, a wancan lokacin duk dattijon da ke wurin haka zai yi. A wajensu neman takarda bayan an shafa fatiha daidai yake da ka ce wa mutum ba ka yarda da musuluncinshi ba.

Yaya bai kai ga ganin ko tubali ɗaya ba. Kafin a kewaye wurin da kwano Allah Ya karɓi abinShi, kuma a filin muka yi mashi salla, sahu har bakin titi. Ginin ya tsaya, ya tashi, ya sake tsayawa, sai bara aka buɗe shi da kiɗa da jawabai.

Ba zan yi ƙarya ba, wuri ya yi kyau. An shimfiɗe shi da tayil, an kafa fitilu masu aiki da hasken rana, ruwan da ke kwanciya ya samu hanya, sauro ya ragu. 'Ya'yanmu da dama sun samu aiki a shagunan. Da yamma mutanen GRA da Kambarawa kan zo da iyalansu su sha askirim su ɗauki hoto. Na san da Yaya na nan, ranar farko zai zagaya ya shafa yatsa a kan dakalin dandalin ya duba, in bai ga ƙura ba ya gyaɗa kai. An sare bedin, wannan ya yi mani ciwo, amma na ce ba komai. An hana tsofaffi shimfiɗa tabarma, an ce tana ɓata tsari, na ce wannan ma a haƙura.

Sai ranar da Malam Mamman tela ya rasu, wata huɗu da suka wuce. Shi ne rashin farko da muka yi a ɓangarenmu tun da aka buɗe wurin, don shekarun da ake gini, a harabar wata makarantar firamare muka riƙa raɓawa, ita ma yanzu an yi mata katanga da ƙofa. Aka yi mashi sutura, bayan azahar aka ɗauko shi. Ba wanda ya ce ina za mu, kowa ya san alkawarin da aka yi. Muna isa bakin dandalin sai mai gadi ya sha gabanmu. Magidanci ne, ba yaro ba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ku yi mani rai, an ce ba a shiga da gawa."

Muka ce ya kira na sama da shi. Ya buga waya, manaja ya ce akwai masu cin abinci a gidan abincin da ke kallon dandalin, kuma duk taron da za a yi a wurin sai an nemi izini a rubuce tun kafin ranar. Kun ji fa. Ashe Malam Mamman ne bai kyauta ba da bai sanar da su zai mutu ba. Muna tsaye cikin rana da mutum a kafaɗa, masu ɗauka suna canji, wasu daga saman bene sun fito da waya suna ɗaukarmu. Matasa suka fara hayaniya za su ture shingen, liman ya ce kada wanda ya yi faɗa a kan gawa. A ƙarshe a kan kwalta muka ajiye shi, muka tare hanya, muka yi kabbara huɗu masu motoci na baya suna ta danna ham don ba su san abin da ke faruwa ba. Tun da nake ban taɓa ganin liman ya yi sallar gawa da sauri haka ba.

Muna sallamewa, wani daga cikin 'yan uwan mamacin, mutumin da ya sha cin tuwo a gidan Yaya, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Allah Ya isa tsakaninmu da Lawal."

Ina sahun gaba. Ban juya ba, don in na juya ban san abin da zan yi ba. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne ba wanda ya ce mashi kul. Kafin magariba maganar ta shiga gidaje, kafin sati ta yi 'ya'ya: wai an ba Yaya shago biyu, wai an kai shi Umara, wai shi ya sa ya hana a rubuta. Mutumin da ya mutu rufin ɗakinshi na yoyo! Matarshi, Hajiya Indo, a gidan gaisuwa ta ji, mata suka yi shiru da ta shigo. Tun daga ranar ba ta sake zuwa biki ko suna a unguwa ba.

Na wanke ƙafa na tafi gidan Kabiru. Ya tarbe ni da mutunci, ya durƙusa kamar yadda ya yi a da, ya sa aka kawo lemo. Bai musa komai ba. Ya ce yana tune da fatihar, amma bashin banki ya kusa cinye shi, dole ya miƙa gudanar da wurin ga wani kamfani na Legas, su kuma abin da ke cikin takarda kaɗai suka sani. Ya ce shi kanshi yanzu sai ya nemi izini kafin ya kafa rumfa a can. Ya yi alkawarin zai yi magana. Na sha lemon don kada ya ce na zo da faɗa, na taso, har yau shiru.

To ni tambayata ga hukuma ce, ba ga Kabiru ba. Filin nan da kuka bayar, da harajin da kuka yafe, da kwaltar da kuka ja, ba daga aljihun wani babba suka fito ba. Da kuɗin Malam Mamman a ciki, don shekara da shekaru yana biyan harajin shago. An ce mana an yi haka ne don a samar wa jama'a dandali. Wace jama'a? In mai sayen askirim jama'a ne, tsohon da ke son ya zauna ba ya sayen komai fa? Mamacin da ba ya buƙatar wurin sai na ɗan abin da bai kai shan shayi ba fa? Ba mu ce a rushe ba, ba mu ce a mayar mana da juji ba. Wanda ya ba da dukiyar mutane yana da bakin da zai ce a buɗe wa makara hanya, kuma wannan karon a rubuta, a sa hannu, a buga hatimi.

Nakan zauna in ce, da Yaya zai dawo ya ga wannan, me zai yi? Wani lokaci in ga kamar zai ɗauki kujerarshi ya dasa a ƙofar ofishin manajan nan, ba zagi ba hayaniya, kullum sai an gan shi, har su gaji. Wani lokacin kuma tsoro ya kama ni, don na san shi da kunya. Ya ce a tambaye shi, ga shi ana tambaya. Ina jin da shiga ɗaki zai yi ya rufe ƙofa, ciwon ya ci shi a ciki. Wataƙila rahama ce da bai gani ba.

Abin da ya bari bai ɓace duka ba. Magudanun da ya matsa aka haƙa a lungunanmu suna nan suna aiki, kuma har gobe akwai gidajen da ba a barin randa a buɗe saboda shi. Ya yi kuskure, na yarda, kuma kuskuren ya shafi kowa. Amma kuskuren mutumin da ya ɗauka kowa na tsoron fatiha kamar shi ne, ba na maci amana ba. Wanda ya ja mashi Allah Ya isa, ina roƙonshi ya janye, don Yaya a kabari yake, ba ya iya zuwa ya ba da haƙuri. Allah Ya jiƙan Yaya Lawal, Ya yafe mashi, Ya sa ya huta.

Shekaranjiya bayan an gama addu'ar shekara, yara sun watse, na shiga in yi wa Hajiya Indo sallama. Ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ciwon suga kuma ya sa ta gaba. Na ce mata zan rubuta a jarida, ina sa ran za a gyara. Sai ta ce, "Malam Ƙarami, ka rubuta, Allah Ya sa a ji. Amma ga wasiyyata. In tawa ta zo ba a gyara ba, kada ku bi da ni ta wajen. Ku yi mani salla a nan tsakar gida, ko mutum goma ne. Ba na so a tsaya da ni a kafaɗa ana roƙon mai gadi, a sake zagin Malam saboda ni."

Na buɗe baki in ce mata ba za a kai ga haka ba, sai na ga ba ni da abin da zan dafa in faɗi hakan. Na ce mata to.