Wankan Inna

Da hantsi ne, a shekarar korona, muna zaune a rumfarmu ta kasuwar Malanville muna tsince albasar da aka kawo daga garin Garou. Inna ta miƙa hannu za ta jawo kwando, hannun ya ƙi. Na dubi fuskarta, bakin ya karkace, miyau na zuba. Na kira ta, ta amsa da wani gurnani da ban taɓa ji a bakinta ba.

Muka kai ta gida a amalanke. Na ce mu wuce asibiti. Yayana, wanda tun rasuwar Baba maganarsa ce magana, ya tare ƙofa.

"Ba inda za ta tahi," ya ce. "Wanda duk ya mutu can, sai su ce korona. Su naɗe shi cikin leda, ba wanka, ba likkafani. Inna za a yi ma haka?"

Na bi maganarsa, don ni ma na tsorata. Inna ta sha gaya mini ni ce zan yi mata wanka. Likkafaninta ya yi shekaru a ƙasan akwati. Ƙanwarta da ke Gaya, ƙetaren kogi, wadda ita kaɗai Yaya ke jin maganarta, ba ta da hanyar zuwa, an rufe gadar kan iyaka.

Kwana uku muna shafa mata man shanu, muna ɗura mata rubutu yana dawowa ta gefen baki. Idonta na bina duk inda na yi. Har yau ina jin haushin kaina, ni mai bakin da duk kasuwa ke shakka.

A rana ta huɗu ta shaƙe da koko. Ban tambayi kowa ba, na nemo mota na kai ta asibiti.

Likitan, fuskarsa a rufe da takunkumi, ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Jiya."

Ya ɗaga hannunta ya sake shi, ya dube ni. "Shanyewar ɓarin jiki ce. Ba ta jiran kwana. Da kun zo tun ranar, da mun gwada. Yanzu koko ya shiga huhunta."

Na durƙusa ina roƙonsa. Ya sa aka ba ta gado.

Bayan kwana biyu ta cika. Ba wanda ya kawo leda. Suka ba mu ita da gaisuwa, muka koma gida.

Ni na yi mata wanka, kamar yadda ta so. Na yi ta gyara bakin da yatsana, bai koma daidai ba.