Rabin Juyin Sifana

Mai Sifana ake ce masa. Tun yana saurayi yake aiki a hukumar ruwa, aikin kuwa na baƙin jini, don shi ake aikawa ya rufe wa mutane famfo. Matarsa ta san hannuwan nan nasa, kullum da tsatsa a ƙarƙashin farce, har sabulu ya gaji ya ƙyale shi.

Ta kuma san asirinsa. Bawan Allahn nan bai taɓa ɗaure makullin bututu har ƙarshe ba. Sai ya bar rabin juyi, yadda famfo zai riƙa ɗiga, in an tara bokiti da safe a sami na sha kafin yamma.

"Malam, wata rana za ka ja mana," in ji ta.

"Ke dai bari. Doka ta ce in rufe, na kuwa rufe. Amma ƙishirwa ta girmi doka. Wanda ya rubuta ta ma sai da ya sha ruwa."

"To lauya, abincinka na hucewa."

Ana nan sai hukuma ta ce unguwar bayan tasha ba ta cikin taswirar gari, a yanke mata ruwa har mutanen su gaji su tashi. Ya je ya yi abin da ya saba. Shiru-shiru ba wanda ya kwashe kayansa, sai aka bincika, aka tarar famfunansu na ɗiga.

A gaban kwamiti bai yi musu ba. Shugaban ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido.

"Wallahi na san kana da gaskiya, Baba. Amma ba ita aka ba ni in yi hukunci da ita ba."

Aka sallame shi saura ƙiris ya yi ritaya, aka karɓe gidan ma'aikata. Ina za su nufa? Wani tela a unguwar bayan tashar ne ya ba su ɗaki. Wannan karon mai walda aka turo, ya liƙe bututun unguwar ƙam.

Kaico! Tana kallo mijinta ya lalace. Sai ya zauna gaban busasshen famfon tsakar gida, ya murɗa, ya kara kunne, ya sake murɗawa. Ba korar ce ta cinye shi ba, ganin mata yake suna tafiya har bayan gada da jarkoki, ya ce shi ya ja musu.

Ranar da ya rasu babu ruwan da za a yi masa wanka. Ta leƙa randa, ta zauna a ƙasa, kukan ma ya ƙi zuwa. Sai ga matar tela da kofi, ta juye a bokiti. Wata ta biyo da kwano, wata da buta.

"Don Allah ku bar wa yaranku," ta ce.

"Yi shiru, Yaya," in ji matar tela. "Nasa ne."

Ruwan ya tsaya a rabin bokiti. Da shi aka wanke shi.